Jan Layin Bangon Kanal

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Shekara ashirin da huɗu ina buɗe ƙofar ruwa, yau aka ce in zo a koya mini aiki. Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani ne ya sa sunana. Wai “koyo cikin aiki”. An zaunar da mu huɗu a wani aji a Mafara, an manna farar takarda a bango kamar 'yan firamare. Mai jagorancin wata yarinya ce daga Gusau, Hindatu, sa'ar 'yata ta biyu. Sai Mas'udu mai kula da injin famfo, wanda ko sifana bai iya riƙewa daidai ba. Sai Inna Nagode daga Birnin Tudu, wakiliyar masu gonakin ƙarshen kanal.

Dokar wasan: mutum ɗaya ya kawo matsalar da ke damunsa a wurin aiki, sauran ba su da ikon ba shi shawara, sai dai tambaya. Sannan a je a gwada, a dawo Litinin a faɗi abin da aka gani. Na yi tsaki a fili, kuma ina so Hindatu ta ji.

Shayin ma ba madara.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na buɗe ƙofa bayan Asuba. Ruwa ya kai jan layi. Da hannuna na ja layin nan da fenti a bangon kanal shekarar da na kama aiki, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Nagode ce ta kawo matsala yau. Wai ruwa ba ya isa gonarta, shinkafar da ta dasa ta fara naɗe ganye. Fangali takwas ne da ita, su ne abincin gidanta tun rasuwar mijinta, ta ce in aka ƙara mako biyu a haka sai dai ta kora awaki ciki.

Na ce mutanen ƙarshen kanal ƙorafi ya zame musu sana'a, ko teku aka sakar musu sai sun ce bai isa ba. Hindatu ta ɗaga hannu. “Baba, wannan ba tambaya ba ce.” Ni za a gaya wa! Na ce to ga tambaya: wa ya fi ni sanin ruwan nan a ɗakin nan? Mas'udu ya ƙunshe dariya. Hindatu kuwa ta rubuta tambayar a takardarta da alƙalamin maka, har da ja masa layi. Haushi ya hana ni cin biredin da aka raba mana.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ruwa a jan layi. Su je su tambayi layin.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Yau aka juyo kaina. Sa'a guda ana yi mini tambayoyi kamar ɓarawon akuya a gaban alƙali. Mas'udu: ƙarfe nawa kake buɗewa? Ai ka sani. Hindatu: me kake ji a ranka in aka ce ruwa bai isa ba? Ina jin yunwa, in ji ni. Wannan ne ilimin da aka ɗauko mota tun daga Gusau aka kawo mana.

Da za a tashi sai Nagode ta juyo kaina. Ta gyara mayafi ta ce, “Malam Jahwaru, ni ban yi boko ba. Jan layin ga naka sama shike. To mi a ƙarƙashin ruwan ga?”

Na ce ƙasa mana, siminti. Ta ce, “Ka taɓa shi?”

Tambayar banza. Mai dafa shinkafa za ta koya mini kanal.

Aikin da aka ba ni na makon nan: in je in taɓa. Ba zan je ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kasuwa. Ban je taɓa komai ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na je, don kawai in samu abin rufe musu baki ran Litinin. Na yanki gora, na tsaya kan ƙofa na zura. A sanina daga jan layi zuwa siminti ya kai ƙirjin mutum. Gorar ta shiga kamar taƙin hannu biyu ta tsaya a kan abu mai laushi. Na danna, ta ci gaba da nutsewa cikin laka. Na sake a gaba. Na sake a can gaba. Daga baya na tuɓe takalmi na shiga da kaina. Ruwan ko gwiwata bai rufe ba.

Laka da yashi sun cika cikin kanal sun ɗago ruwan sama. Kullum yana sumbatar layina, ni kuma ina rufe ƙofa in tafi gida da alfahari. Shekara nawa ke nan? Ban sani ba. Na daɗe a tsaye cikin ruwan nan, kunya ta kama ni ba kowa a wurin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi gayya, mutum talatin da shebur da kwanon sarki. Na gaya wa shugaba dama na daɗe ina zargin laka ce. Mas'udu ya kalle ni, ya ci gaba da kwasar laka. Ya iya shebur dai, a ba shi wannan.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Hindatu ta ce in faɗa wa ƙungiya abin da na koya. Na ce na koyi cewa shayinku ba madara. Ta yi dariya, ba ta matsa ba. Ta so a tafa mini, na ce wanda ya tafa ba zai sake ganina ba. Kujerar Nagode ba kowa, wai tana gona tana tare ruwa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na bi gefen kanal da babur har Birnin Tudu. Rabona da ƙarshen nan tun ina da baƙin gemu. Ruwa ya isa. Fangalin Nagode biyar sun farfaɗo. Uku sun ƙone ƙurmus, ganyen yana karyewa a hannu kamar tsintsiya. Da na zura gorar nan ranar da ta fara magana, da takwas ɗin suna nan.

Ta gaishe ni doguwar gaisuwa, gida, iyali, gajiya, har da ciwon ƙafata. Ko kalma ɗaya ba ta yi kan ukun ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shirin nan dai har yanzu shirme ne, manya da gemu a zauna ana tambayoyi. Ran Litinin Mas'udu zai kawo maganar injinsa da ke ɗaukar zafi. Na san amsar sarai, amma bari in ji ko ya taɓa buɗe shi ya duba.

Gorar tana ɗaure a babur. Na bar wa Nagode damin irin shinkafa shida a bakin gona, daidai fangali uku, na taho kafin ta juyo. Irin ya yi mini yawa ne a bana, ba wani abu ba.