Rabin Takardar Kamisah

Litinin, 4 ga Maris

Mak Cik Normah ta zo da safe tana ta murza bakin gyale. Wai 'yarta za ta auri Dinata ranar sha bakwai, kuma duk tsibirin Penyengat babu mai tare ƙofar amarya da baitocin pantun kamar ni. "Amma in da nauyi, Saodah, tunda mijin ƙanwarki ne..." Na ce mata aiki aiki ne, har da murmushi. Shekara biyu kacal da binne ƙanwata Kamisah, shi har ya kai ɗinkin angwanci. Allah ya kawo min shi har bakin ƙofa.

Alhamis, 7 ga Maris

Na sake buɗe akwatin ganyen taunawa na Kamisah, wanda Dinata ya aiko min bayan rasuwarta. Takardar tana nan da rubutunta, an yage ƙasan:

Hadari ya taso ya rufe wata,
Ya yi ta rugugi bai sauke ruwa ba.

Kowa ya san pantun layi huɗu ne. Biyun farko inuwa, biyun ƙarshe su ne maganar, kuma dole ƙarshensu ya yi amo ɗaya. To me ke amo da wata? Dinata. Watan ita ce, hadarin shi. Wa zai yage ƙasan in ba wanda sunansa ke ciki ba?

Asabar, 9 ga Maris

Na sha rana a bakin gaɓa don kada in shiga kwalekwalen hayar Dinata zuwa birnin Tanjungpinang. Shekara biyar ke nan ina haka, tun aurensa da Kamisah. Ya ɗaga min hannu, na kalli teku.

Laraba, 13 ga Maris

Na ƙarasa mata abin da aka yage:

Wanda ya ƙarar da ni shi ne Dinata,
Ya bar ni kwance bai waiwayo ba.

Mak, mahaifiyarmu, ta ji ina maimaitawa a madafi. "Ke kin waiwaya ne?" in ji ta. Na ce wannan daban. Na rantse ba zan taka gidan baƙon da ya zo daga Jawa ya ɗauke min ƙanwa ba, kuma ba wanda ya ce min ciwon ajali ne. Mak ta ci gaba da kankare kwakwarta. Tsufa ne.

Lahadi, 17 ga Maris

An yi.

Muka ja zane muka tare ƙofa, masu ganga suka tsaya. Pak Leman, mai bakin ango, ya jefo pantun uku na ramar masa, ana ta shewa. "Kai, Saodah, a buɗe mana, angonmu zai narke!" Na ce saura ɗaya, kuma ba nawa ba ne, na wata ce da ba ta samu zuwa ba. Na faɗi layin hadari da wata. Dinata ya ɗago kai.

"Kak Long, don Allah," ya ce a hankali.

Shi ne ma zai kira ni babbar yaya. Na ƙarasa, da ƙarfi, har na bayan layi su ji sunansa. Mak Cik Normah ta dafe ƙirji. Daɗi ya cika min ciki, ba zan ɓoye ba.

Dinata ya karɓi ambulan kuɗin buɗe ƙofa daga hannun Pak Leman, ya cire hularsa, ya zaro wani abu daga cikinta ya saka, ya miƙo min da hannu biyu. Muka sauke zane.

Litinin, 18 ga Maris

Na buɗe ambulan da hantsi. Guntuwar takarda, ta yi laushi don gumi. Na ɗora ta a ƙasan tawa, yagar ta haɗu cif.

Kowa ya zo ban da yayata,
Fushin shekara uku bai huce ba.

A baya, da mummunan rubutunsa: "Na yage ne don kada ki gani. Mak ce ta faɗa min shirinki. Ban faɗa a gaban mutane ba, ba zan faɗa ba."

Yayata. Wata. Shekara talatin ina wannan sana'a.

Talata, 19 ga Maris

Ban fita ba. Wa ya aike shi ya rufa min asiri?

Juma'a, 22 ga Maris

Na je kasuwa. Kwalekwalensa ne a gaba a layi, kuma ƙafata na ciwo, shi ke nan dalili. Fasinjoji suka yi ta satar kallona. Ya share benci da tsumma.

"Kak Long, zauna ta tsakiya ƙarƙashin rumfa, hadari na tasowa."

Na ce na gan shi.

Gobe zan je wurin Kamisah. Ban san layin da kabarinta yake ba, sai na tambaye shi.