Ƙorafi Kan Kyamarar Da Aka Juya Wa Belmiro Taveira

Custódio Varandas,
Mai tuta a Kwanar Rijiya,
Layin Tsohon Injin Niƙa, Montalva.
28 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Injiniya Amílcar Pizarro,
Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Masu Tseren Mota ta Montalva.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kyamara da na'urar naɗar bayanai da aka saka a mota mai lamba 41, da abin da aka yi da su, da abin da ake shirin yi ranar Asabar, 9 ga Nuwamba.

Bayan gaisuwa ta girmamawa wadda ta dace da muƙaminka, ni ne mai suna a sama, mai shagon tayoyi a bakin kasuwa, kuma mai riƙe tuta na sa-kai a Kwanar Rijiya tun kafin a sake wa filin tseren motocinmu kwalta. Ina rubuto maka ne saboda Belmiro Taveira, mijin ƙanwata Graciete, direban mota mai lamba 41, wanda yanzu yake kwance a asibiti ba abin da ke motsi a jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa. Bai aiko ni ba, bai ma san na ɗauki alƙalami ba. Buƙatata ita ce a hana nuna bidiyon haɗarinsa a liyafar ƙungiya ta bana. Ga dalilaina, bisa yadda abubuwan suka faru.

1. Babu ɗan ƙungiyar nan da bai san cewa ranar 12 ga Yuni, 2016, Hélder, ɗa ɗaya tilo da Belmiro ya haifa, yana cikin tsere ya daki katangar Kwanar Rijiya da motarsa ya rasu nan take ba. Ni na ɗaga jar tutar tsayar da tsere a ranar. Belmiro bai bar tsere ba. Ya ci gaba da fitowa da tsohuwar motar da shi da yaron suka haɗa a garejin bayan gida. Kowa ya lura cewa in ya iso wannan kwana yakan sassauta, ya bar na baya su wuce. Ni da ke tsaye a wurin nakan ji ƙarar injinsa ta sauka, sannan ta sake tashi. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi dalili, domin a lokacin akwai sauran kunya a ƙungiyar nan.

2. A farkon 2023 kwamitinka ya kafa dokar cewa kowace motar tsere ta ɗauki kyamara guda mai kallon hanya, da ɗan akwatin da ke naɗar gudun mota da taka totur da birki, don a riƙa gane mai laifi in an yi karo. Ban ga aibin dokar ba, har yau ban gani ba. Aka ba Telmo Sequeira aikin sakawa, ɗan ma'ajin ƙungiya, wanda ya kai shekara talatin da wani abu amma har yau bai koyi cire hula in ya shiga gidan mutane ba.

Ranar Asabar, 4 ga Fabrairu, ya zo garejin Belmiro, ina nan. Ya ɗaure akwatin a inda kujerar fasinja take a da, ya ja wayoyi zuwa totur da birki, ya liƙa eriya a saman rufi, ya ɗaure kyamarar a ƙarfen kariya tana kallon gilashin gaba. Zuwa nan duk bisa doka ne. Daga nan sai ya fito da wata kyamara ta biyu, ƙarama kamar kan babban yatsa, ya maƙala ta a gefen madubi tana kallon fuskar direba, ya kuma karɓi hular kwanon Belmiro ya soka makirfo a cikin sosonta. Belmiro ya tambaye shi na mene ne. Ya amsa, kuma na kawo maganarsa yadda ta fito: "Haba Kawu, ka bar wa masu ido aikinsu. Kowa haka muka yi masa. In ka yi atishawa mu ce maka sannu." Belmiro ya yi dariya, shi ya riƙe masa fitila, Graciete ta kawo masa kofi da burodin masara. Na bincika daga baya. Ba wata mota a filin nan da aka saka wa kyamara ta biyu ko makirfo sai lamba 41. Telmo ya faɗa wa abokansa a shagon shan kofi na Dona Ermelinda cewa so yake ya ga "abin da tsohon nan ke tsoro a Rijiya."

3. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin al'adar liyafarmu ta ranar Waliyyi Martinho: a gasa ƙwayar itacen kastanya, mai kama da goro, a tsakar fili, a buɗe sabon ruwan inabi, a ƙarshe a rataya Kunkurun Gwangwani a wuyan direban da ya fi kowa nawa a shekarar, ya sha kofi guda na ruwan inabin a tsaye, a yi masa tafi. A da da baki ake zaɓen, kuma wanda aka rataya wa yakan fi kowa dariya. Belmiro da kansa ya taɓa cin Kunkurun, ya kuma rataye shi a garejinsa.

Ranar 11 ga Nuwamba, 2023, Telmo ya kafa majigi a zauren. Da farko ya nuna wani jan layi, ya bayyana wa jama'a cewa wannan ƙafar Belmiro ce a kan totur. Layin na tafiya a sama, in an zo Kwanar Rijiya sai ya faɗo ƙasa, zagaye bayan zagaye, tsere bayan tsere. Aka yi dariya, ita wannan dariyar ban riƙe kowa da ita ba. Sai ya ce, "Ku dakata, akwai sauti." Fuskar Belmiro ta cika bango, kasancewar hularsa mai buɗaɗɗiyar fuska ce, muryarsa ta cika zauren. Ashe duk lokacin da ya iso kwanar, ɗansa yake gaisarwa. "Hélder, Baba ne." A wani zagayen: "Uwarka ta yi miyar kabeji yau, gishiri ya yi yawa, kada ka gaya mata." A wani: "Karenka ya tsufa, ba ya gani sosai." A wani kuma hawaye ne kawai ke gangarowa cikin gemunsa. Telmo ya haɗa su duka a jere, ya sa musu kiɗan da ake sa wa masu wasan barkwanci.

Mutane sun yi dariya har suna dukan tebur. Wani ya ƙware da ruwan inabi, aka riƙa bubbuga masa baya. Fausto mai sayar da batir ya ɗaga murya ya ce, "To ka tambaye shi mana ko can ma akwai kwana!" Graciete na zaune a gefen mijinta, da kastanya a hannunta ta ɓare rabi. A wurin ta fara jin cewa mijinta na magana da ɗansu. Belmiro ya miƙe, ya sunkuyar da kai aka rataya masa Kunkurun, ya sha kofinsa a tsaye yadda al'ada ta ce, ya yi godiya. Mutum uku ne kawai suka fita daga zauren, ina cikinsu.

4. Abin bai tsaya a zaure ba. Kafin ƙarshen mako bidiyon ya shiga wayar kowa a Montalva. In Belmiro ya shiga shagon Dona Ermelinda sai wani daga lungu ya ce, "Baba ne!" sauran su amsa, "Gishiri ya yi yawa!" Wani makanike ya mayar da muryar ƙarar kiran wayarsa, ta kuma yi ƙara a cikin coci ranar Lahadi, Belmiro na durƙushe a layi na biyu. Na kai ƙara baki da baki wurin sakataren ƙungiya ranar 5 ga Disamba. Ya ce da ni wasa ne, mu tsofaffi mun cika ɗaukar abu da zafi, ya kuma ƙara da cewa wasu direbobi sun fara tambaya ko mai hira da matattu ya cancanci riƙe lasisin tsere.

5. Ba zan ɓoye laifin Belmiro ba. Wauta ya yi, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Mutum mai furfura bai kamata ya bar dariyar sakarkaru ta tuƙa masa mota ba. Amma ranar Lahadi, 17 ga Maris, 2024, tseren farko na shekara, ana jera motoci Telmo ya leƙa ta tagarsa ya gyara ƙaramar kyamarar, ya ce, "Kawu, a gaishe mana da yaron." Masu tura mota sun ji, zan iya kawo su. A zagayen farko ina tsaye a wurina, na ji injin lamba 41 yana tahowa, ina jiran ya sauka yadda ya saba. Bai sauka ba. Motar ta daki katangar a daidai inda aka yi mata sabon siminti shekaru takwas da suka wuce.

Na ɗaga jar tuta na ruga. Ana ƙoƙarin yanka ƙofa a fito da shi, sai ga Telmo a kan babur. Bai dubi mutumin da ke ciki ba. Ya zura hannu ta tagar fasinja, ya zare katin ajiyar hotuna da bayanai daga akwatin, ya sa a aljihun rigarsa. Na ce masa ya mayar. Ya ce, "Kayan ƙungiya ne, Malam Tuta, kai dai ka riƙe sandarka." Dokar da kwamitinka ya rubuta ta ce in an yi haɗari alƙalin tsere ne kaɗai ke da ikon taɓa katin. Alƙalin bai gan shi ba har yau.

6. Ranar 14 ga wannan wata aka liƙa sanarwar liyafar bana a ƙofar ofishin ƙungiya. A cikin jerin abubuwan da za a yi an rubuta: "Darasin tsaro daga mota mai lamba 41, tare da sauti." Telmo yana kiransa kashi na biyu. Graciete ta sa baƙin mayafinta na coci ta je shagonsa ta roƙe shi katin. Ya bar ta a tsaye, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, a wannan karon mijinta ya burge, layin bai sauko ba ko kaɗan, har ma ana tunanin karɓe Kunkurun daga hannunsa. Matar ta dawo gida a ƙafa, ta zauna a garejin da babu mota a cikinsa.

Ina so a rubuta cewa wannan ba darasi ba ne. Wanda ke son koya wa direbobi tsaro ba ya buƙatar fuskar mutum a lokacin da ƙashin bayansa ke karyewa. An ɗanɗana dariya bara, ta yi daɗi, ana neman ƙari, shi ke nan.

7. Na je duba Belmiro ranar Alhamis da ta wuce. Ba ya tambayar ƙafafunsa, likitoci sun riga sun gaya masa. Ba ya zagin Telmo, ni ke yi masa wannan. Ina gyara masa matashi ya riƙe hannun rigata ya ce, "Custódio, kai kana wurin. Na ce wani abu?" Na ce injin ya yi ƙara da yawa, ban ji ba. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Ban ce ba. Na wuce shi ban gaishe shi ba. Yana jira, na wuce shi kamar ban san shi ba, don kada su Fausto su yi dariya." Wannan ne ke hana shi cin abinci, ranka ya daɗe, ba ƙafafun ba.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon kwamitinka mai daraja, cikin ladabi:

Na farko, a soke wannan abu daga shirin liyafar 9 ga Nuwamba, a kuma cire sanarwar daga ƙofa.

Na biyu, a karɓi katin daga hannun Telmo Sequeira a gaban shaidu, da duk inda ya kwafe shi, a damƙa wa Graciete Taveira. In ta ga dama ta ajiye, in ta ga dama ta jefa a murhu.

Na uku, a raba Telmo Sequeira da aikin saka na'urori a motocin ƙungiya, a kuma duba kowace mota a tabbatar babu kyamarar da ke kallon inda doka ba ta ce ba.

Na san wasu za su ce ba a kai ƙarar wasa gaban kwamiti. Na kuma san wanda nake rubuta wa. Kana zaune a babban tebur a daren liyafar bara, ranka ya daɗe, na ga ka cire tabarau kana share ido don dariya, kuma hannunka ne ya rataya Kunkurun a wuyan Belmiro. Ban faɗi haka don rashin kunya ba. Na faɗa ne don kada a ɓata lokaci wajen kafa kwamitin da zai binciko maka abin da ka gani da idonka.

Idan har ranar ta zo ba a yi komai ba, ina sanar da kai tun yanzu cewa zan halarci liyafar da rigar aikina. Da zarar an kunna majigin zan tsaya a gabansa in ɗaga jar tutar Kwanar Rijiya, wadda na ɗaga wa ɗan, na kuma ɗaga wa uban. Dokarku ce ta ce duk wanda ya ga jar tuta ya tsaya, komai gudunsa. Zan so in ga wanda zai fara wuce ta.

Ina jiran amsarka a rubuce kafin ranar. Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da kujerarka ta cancanta.

Naka mai biyayya ga dokar fili,

Custódio Varandas
Mai tuta, Kwanar Rijiya.