Inuwar Ɗan Fari

Fas, ƙasar Maroko

Zuwa ga ƙanwata Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abbas da yaran. Ya Gwadangaji, ya fama da 'yan makaranta?

Na tura wa Kayode mai wankin hoto sababbin hotuna, ki biya ta shagonsa ki karɓa, na ce ya wanke su manya-manya. Wannan karon na tsohon birnin Fas ne. Balaraba, lungunan garin nan ko keke napep ba zai shiga ba, jaki ne motar kowa. Akwai wata makaranta da ta haura shekara ɗari shida, har yau ana karanta ayoyin da aka sassaƙa a bangonta. Wuni na yi ina jiran rana ta karkata kan ƙofarta kafin na ɗauka. Ganuwarsu ta tuna mini da ranar da muka je kufan birnin Surame, sai dai su sun riƙe tasu, mu mun bar wa awaki tamu.

Daga nan ƙungiyar da nake wa aiki za ta tura mu ƙauyukan kan duwatsu. Can waya ba ta cika shiga ba, wasiƙa za ki riƙa gani duk sanda na sauko gari.

In kin je Argungu ki gaishe da Inna. Ki nuna mata hotunan in tana so. Na dai san abin da za ta ce: "To, madalla."

Yayanki,
Zayyanu

Gwadangaji, Birnin Kebbi

Yaya Zayyanu,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yaran suna gaishe ka.

Akwai maganar da Inna ta hana ni gaya maka, ga shi zan gaya maka. Na kai ta asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, ta ce kamar mai leƙe ta kafar ƙofa take gani. Maganin da take ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi. Na kai mata Ummu Hani, 'yar Kawu Abdussamadu, tana zaune da ita.

Na ba ta hotunanka. Ba ta ce madalla ba. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kai su jikin idon dama, da ta gama ta ce, "Garin ga duk gini na? Ba mutane ciki?"

Kuma gaskiyarta. Shekara uku kana waje, 'ya'yan mutane suna turo hoto a gaban jirgi da dogayen benaye, kai kana turo mana katanga da jaki. Malam Hodi maƙwabcinta har cewa ya yi anya ba a nan Gaya ta Nijar ka laɓe ba kana ce mana Maroko? Don Allah ka turo masu mutane a ciki.

Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Balaraba

Daga wani ƙauye a duwatsun Atlas

Balaraba,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Na nemi izinin zuwa gida, sun ce sai an kammala aikin nan, bayan babbar Sallah ke nan. Na hau kan wani tudu na samu layi na kira Inna. Ta ce, "Lahiya lau," ta miƙa wa Ummu Hani wayar. Kin san haka muke da ita tun fil azal.

Ga mutane nan na tura, tunda su ake so. Ƙauyen nan ginin ƙasa ne tun na kaka da kakanni, gida bisa gida, launinsa ɗaya da dutsen da yake kai. Lokacin sussuka muka tarar. Ba sa bugu da sanda kamar mutanen Gulma, alfadarai suke jerawa su yi ta zagaye a kan dami har ƙwaya ta fita. Akwai na mata a bakin tanda suna gasa burodi, da na wani tsoho yana yaɓe. Ina jin Inna za ta fi son na matar da ke sheƙa, don riƙon faifanta irin nata ne sak.

Ki tabbatar maganin bai yanke ba.

Zayyanu

Gwadangaji

Yaya,

Salam. Na kai. Ta duba su sau biyu, har da mai sheƙar taka, ba ta tsaya a kanta ba. Cewa ta yi, "Waɗanga duk baƙi na. Ba na ƙasarmu ko guda?" To ka ji. Ka san tsufa da rigima. In akwai 'yan Nijeriya a can ka ɗauko mata su ko ta huta.

Balaraba

Marrakesh

Balaraba,

Gaisuwa. An yi sa'a, na sauko gari na haɗu da wasu ɗalibai a bakin wani tsohon masallaci, biyu 'yan Maraɗi, ɗaya ɗan Jega. Na jera su a gindin hasumiya na ɗauka. Ɗan Jegan ya ce a gaishe da Inna. Ina fata wannan karon an dace.

Zayyanu

Argungu

Yaya Zayyanu,

Assalamu alaikum. Daga ɗakin Inna nake rubuto maka, ta fita taɓa alwala.

Ni da kai duk ba mu da kai. Na miƙa mata hoton ɗaliban, ta bi fuskokinsu da yatsa, ta ajiye, ta juya ta fuskanci bango. Ban taɓa ganin ta yi wa baƙo haka ba, ko da na takarda ne.

Da na zo kakkaɓe mata shimfiɗa sai na ga hoto guda a ƙarƙashin matashi, gefensa duk ya lanƙwashe don taɓawa. Na sussuka ne, wanda ka ɗauka da yamma rana tana bayanka. Na duba na rasa abin da ke ciki, alfadarai ne da ƙura. Ummu Hani ce ta nuna mini ƙasan hoton. Inuwarka ce a kwance a kan masussuka, gwiwar hannu a ɗage, ga hular nan taka. Ta ce duk sanda Inna ta zaci ba kowa, shi take ɗaukowa ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake.

Yaya, kai ɗan fari ne. Tunda ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, "wancan" take cewa. A ɗakin kaka aka yaye ka, a can ka girma. In ka shigo gaishe ta, ƙasa take kallo har ka fita. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana wannan kunya, yau ce za ta buɗe baki ta ce a turo mata hotonka? Wallahi ta gwammace idon ya rufe. Sau biyu tana tambaya iyakar yadda bakinta zai iya, mu kuma muna ta kawo mata alfadarai da mutanen Jega. Na yi kuka, kuma haushin kaina nake ji, don ni mace ce, ni ma ina da na fari.

Idon ya ƙara ja baya. Jiya ta zuba ruwa a gefen kofi. Ba na jin zai kai babbar Sallah. Ka bar duk abin da kake yi.

Ƙanwarka,
Balaraba

Marrakesh

Balaraba,

Na karanta. Na san al'adar nan kamar yadda kowa ya san ta, amma tun ina yaro wani gefe na zuciyata yake ce mini ba kunya ba ce kawai, ba ta damu ba ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na bincika na'urata kaf, hotuna dubbai, babu ni ko a ɗaya. Na fita bakin ƙofar ganuwa na ba wani mai sayar da lemo kyamarar, na ce ya ɗauke ni. Ya karkata ta, ya yanke kan ƙofar, rana kuma ta sa na runtse ido. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa tura hoto mai muni irin wannan ba. Na roƙi Kayode ya wanke shi yau, mafi girman da injinsa zai iya.

Kada ki miƙa mata shi a hannu, ba za ta karɓa ba. Ki cusa shi a tsakiyar na gine-gine ki ba ta wuri.

Ki rubuto mini ko mene ne ya faru. Ko da mun makara, ki gaya mini.

Zayyanu

Argungu

Yaya,

Salam. Na yi yadda ka ce. Na ajiye mata na fita tsakar gida, muka shiga tsintar shinkafa da Ummu Hani, ina satar kallo.

Ta lallaɓo bakin ƙofa ta zauna. Ta wuce katangunka da sauri, sai ta tsaya a kan naka. Ta kai shi jikin idon, ta matsar, ta sake kawowa, tana bin sa kaɗan-kaɗan daga sama har ƙasa. Ta daɗe. Ban san ko tana gani ba, kuma ba dama in tambaya. Can ta ce in zo in kwashe tarkacena.

Na zauna har la'asar. Sai da na yafa mayafi zan tafi tasha, tana kallon ƙasa, ta ce, "Shin garin ga da sunka tahi, ba su da abinci?"

Ta gan ka, Yaya. Ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Balaraba