Fam Ɗin Da Ban Tura Ba

Zuwa ga Rifkatu, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake gudu gare ta in duniya ta yi zafi,

Na yi miki ƙarya, yau kwana goma sha tara ke nan ina kwana da ita ina tashi da ita.

Kin tuna Lahadin nan bayan sujada, muna zaune gindin mangwaron gidanku a Kamazou, ƙawarki ta turo miki link ɗin fam na makarantar koyon jinya? Kika danna, tsohuwar wayarki ta tsaya tana tambayar da wace burauza, wato manhajar shiga intanet, za ta buɗe shi. Na yi wa wayar dariya, na ce sai ka ce baƙuwa a tasha, turo min, tawa nan take take buɗewa. Kika turo kina murmushin nan naki mai kama da ruwan farko na damina, kika shiga ɗora tukunya.

Ashe tawa a cikin manhajar hirar da kika turo min shi ta buɗe shi, ba ta miƙa shi ga burauza ba. Na cike sunanki, na sa sakamakon jarrabawarki, na ɗora hotonki. Saura in danna turawa, sai ga saƙon abokina Victor a kan ƙwallo. Ƙwallo fa, Rifkatu! Na koma baya in ba shi amsa, shafin ya rufe da komai. Na sake dannawa, fam fari fat. Da a wayarki ce da na raina, da yana nan a burauza yana jirana.

Kika fito kina goge hannu, kika tambaya ko ya tafi. Girman kai ya riƙe min harshe, na ce ya tafi. A raina na ce gobe zan sake. Gobe ta zama jibi, ranar da na buɗe har an rufe karɓa.

Da wane ido zan dube ki, ke da kike azumi kowace Laraba a kan wannan gurbi? Mamanki ma har godiya ta yi min, ta sa min albarka, na durƙusa na ce amin. Allah ya sani, ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ranar ba.

Na ci miki shekara guda, tauraruwata. Ban isa in ce ki yafe ba, amma ina roƙo. In kin rufe min ƙofa, a bakinta za ki same ni baɗi, da fam a hannu, mu cike a wayarki.

Gobe za a fitar da sunaye. Don Allah kada ki je dubawa.

Naki har numfashina na ƙarshe, ko kin amsa ko kin yi shiru,

Nuhu
Trikania