Farantin Makiyayi da Hannun Baba

Zuwa ga Yaya Venanzio,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Concetta da yara. Allah ya ƙara rufa asiri a can Rosario. Mu nan Castelli sanyi ya fara sauka daga kan dutse. Gwaggo Rosalba ta warke daga tarinta, kuma mun tara itacen tanderun gasa tangaram da wuri.

Na daɗe ina juya wasiƙar nan a raina, don ka san halina, nakan ga abu in yi ta shakkar idona. Ka tuna tsohon farantin tangaram na kakan Baba, mai zanen makiyayi yana busa sarewa a gindin kango, tumaki na shan ruwa? An yi 'yar girgizar ƙasa a bazara, farantin ya faɗo daga bango ya tarwatse. Baba bai yi faɗa ba. Ya tsince gutsattsarin, ya ce sai ya zana irinsa kafin ya mutu, kuma da farin ruwan shafe faranti irin na dā, na kuza da dalma, wanda shi zai niƙa da hannunsa. Ka san farin nan kafin a gasa shi gari ne, yana shanye launi nan take, ba a gogewa. Layi ɗaya ya karkace, faranti ya tashi aiki. Ya ɓata da yawa, kullum a wajen ƙafafun tumaki.

Tun watan jiya nake rubuta abin da nake gani a littafina na kullum, don kada in zarge shi a banza. Cikinsa na murɗawa, ba ya cin taliyarsa, yana manta sunan mutane. Da ya yi dariya na ga wani layi shuɗi-shuɗi a dasashinsa. Likitan da ya zo daga Teramo ya ce dalma ce, tana shiga ne duk lokacin da ya sa burushi a baki don ya yi masa tsini. Baba ya ce masa yaron jiya ne, wai ubansa da kakansa duk haka suka yi, burushin da aka gyara da ruwa kawai ba ya fitar da gashin tunkiya a zane. Tsoho Berardo maƙwabcinmu ya tsokane shi, wai tumakin nasa sun fara kama da karnukan da suka sha giya. Baba ya kore shi da tsintsiya, amma na ga tsintsiyar ta suɓuce masa.

Ranar Lahadi hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, yana lilo. Na ɗauka shi ke nan, ya haƙura. Sai ya sa na ɗaure masa burushin a yatsu da tsumma. Hannun ba ya kai wa baki, don haka ya miƙo min, ya ce 'yar nan, gyara min bakin burushin. Yaya, na sa shi a bakina na gyara. Akwai ɗan zaƙi a ciki, ban san haka yake ba. Jiya ma na yi, yau ma, kuma ban iya ce masa a'a ba.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Ka zo kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Kada ka tsaya aiko da amsa.

Ka gaida Concetta, da Tullio, da ƙaramar Nives. Gwaggo tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Ersilia