Kun Goge Muryar Mahaifina Kafin A Raba Gadonsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke da manhajar naɗar murya da ke cikin wayar mahaifina,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Sunana Hajara, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, Zariya. Na ji a rediyo cewa bana kun ci ribar da ba ku taɓa ci ba, har kun fito da sababbin wayoyi. To, barkanku. Ni dai raina a ɓace yake, kuma ga dalili.

Na farko: mahaifina, Malam Sani, yana ba da karatu a zaurensa bayan asuba. Ni na saka masa manhajarku, ya riƙa naɗar karatun. Sau da yawa yakan manta bai kashe ba, sai ta ɗauko har da tsokanar da yake wa Inna, mahaifiyata, wai kokonta ya yi ruwa. Manhajar ta ce komai yana ajiye a wurinku, ko da wayar ta ɓata. Muka yarda.

Na biyu: da ya rasu, aka yi abin da ake yi. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Baffana ya kashe wayar, ya haɗa ta da rawunan Malam a akwati ya kulle. Sai da Inna ta fita takaba, aka kuma jira yayanmu ya dawo daga tafiya, sannan aka zauna rabon gado. Duk tsawon lokacin nan ko allura ba wanda ya ɗauka.

Na uku, kuma nan ne abin ya ci mini rai. Na roƙa aka sa wayar a rabona, don Inna. Na kunna, wayam! Babu muryarsa ko ɗaya. Mai gyaran waya a Gyallesu ya ce dokarku ce, duk asusun da aka daɗe ba a buɗe ba gogewa kuke yi. Wai kun aiko da gargaɗi. Ga wa? Ga mamaci, da Turanci, cikin wayar da ke kulle a akwati! Haba, ranka ya daɗe! Don mun kiyaye haƙƙin magada shi ne laifinmu? Ribar nan taku ba ta isa ta ajiye muryar tsoho ɗaya ba? Wallahi kun zalunce mu.

Ba sabuwar waya nake nema ba. Ina roƙo ku bincika, in akwai sauran muryarsa a wurinku ku dawo mana da ita, ko ta tsokanar kokon ce kawai. Dokar nan kuma ku gyara ta, ku san cewa a nan mutane na mutuwa a kulle kayansu.

Kullum Inna ta idar da sallar asuba sai ta tambaye ni ko an gyara wayar. Har yau na kasa gaya mata cewa wayar lafiyarta ƙalau.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah kada ya sa 'ya'yanka su nemi muryarka wata rana su rasa.

Wassalam.

Hajara Sani,
Tudun Wada, Zariya.