Dutsen Kurciya, Ba Barnabas

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau ma sun tafi hawan dutse ba ni. Na ji wucewarsu da sassafe ta bayan katanga, suna waƙa ƙasa-ƙasa don kada in ji. Na ji.

Maigidana Barnabas ne ya fara abin nan. Kowace Asabar ƴan majami'armu su tako daga Gidan Rumji zuwa Dutsen Kurciya, can wajen hanyar Cadakori, a tsaya a hanya a karanta Maganar Allah, kowa ya faɗi abin da ya gani a ciki, a kai sama a yi addu'a. Yakan ce mutum in yana haki ba ya iya yi wa Allah ƙarya.

Tun watan jiya ƴan bindiga suka tare shi da abokin aikinsa Malam Sufyanu, sun je gyaran famfon wani ƙauye kusa da iyaka. An tsinci motonsu, babur ɗin da suke hawa, kwance a gefen hanya. Shi ke nan abin da muka sani.

Talata, 10 ga Satumba

Na je buron jandarma, ofishin jami'an tsaro. "Muna bincike, Madam." Na dawo.

Alhamis, 12 ga Satumba

Nazira matar Malam Sufyanu ta kawo mini fura. Muka zauna gindin dogon yaro, kowa da wayarta a cinya. Wasu iyalan ana kiransu daga dajin a faɗa musu kuɗin fansar da ake so. Mu shiru. Ta ce, "Liyatu, ko zagi ne su kira su yi mana, mu dai ji cewa akwai wani a can." Da la'asar ta yi, ta shimfiɗa ɗankwalinta ta yi sallarta nan tsakar gidana. Na yi kishinta. Ni in na durƙusa, bakina ba ya buɗewa.

Asabar, 21 ga Satumba

Inna Kande, uwar Barnabas, ta shigo ɗakina ta yaye mini mayafi. "Tashi ki ɗaura zane. Ni da gwiwoyin nan zan hau, ke mai ƙuruciya za ki kwanta?" Ba a yi wa Inna gardama. Na bi su.

Hatsi ya fi mutum tsawo, hanya duk raɓa. Daga gindin dutsen sai jar marmara mai zamewa, da sabara da geza suna kama zane. Ba wanda ya yi mini maganar Barnabas, kuma kowa shi yake tunani.

A tsakiyar hawa Fasto Timotawus ya tsayar da mu, ya karanta labarin annabi Iliya da ya gaji, ya kwanta gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ya tambaya me muka koya. Wata ta ce Allah bai yi fushi da shi ba, mala'ika ya aiko masa. Ban san lokacin da na ce, "Shi an aiko masa" ba. Fasto ya rufe littafin ya ce mu ci gaba.

Daga sama ana hango kudu, wani baƙin layi inda dajin ya fara. Suna addu'a idanu rufe, nawa a buɗe. Na roƙi abu ɗaya: a dawo mini da shi ko da gurgu, ko da makaho.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ban je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 9 ga Oktoba

Guɗa daga gidan su Nazira da hantsi. Malam Sufyanu ya dawo. Sojoji sun kai wa dajin farmaki, waɗanda aka tsare suka watse, wani makiyayi ya ɗoro shi a jaki har bakin titi.

Na fita ba ɗankwali, ba takalmi. Ina tsammanin su biyu ne. Da na isa ƙofar gidan, masu guɗar suka gan ni, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ban shiga ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Malam Sufyanu ya zo da kansa, Nazira na riƙe da shi. Ban gane shi ba sai da ya yi magana. An ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a gaban Inna.

Zazzaɓi ne ya kashe Barnabas, da gyambon da sarƙa ta yi masa a ƙafa. Tun farkon zamansu a dajin, lokacin ruwan nan mai yawa na Agusta. Ya ce, "Inna, na roƙe su suka bar ni na binne shi. Da guntun kwashe na noma na haƙa. Ban san addu'arku ba, sai na ce, Allah ga bawanka Barnabas, ka san shi."

Inna ta ce, "Ɗana, ka yi daidai."

Na tambaye shi wurin kabarin. Ya ce an yi ta canza musu mazauni da idanu ɗaure. "Madam Liyatu, ko an kai ni yau, wallahi ba zan gane ba."

Ashe ranar da nake kan dutse ina roƙon a dawo da shi ko da gurgu, ya riga ya daɗe a ƙasa. Wa nake yi wa magana ke nan?

Lahadi, 13 ga Oktoba

An yi sujadar jana'iza ba gawa. Hotonsa a kan tebur. Maƙwabta Musulmi sun cika rumfar waje. Na ji ana ta cewa na yi haƙuri ƙwarai. Ba haƙuri ba ne. Ba komai a ciki ne.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kayan aikinsa na nan a zaure, har yanzu suna warin man inji. Wani daga garin Agiye ya kira wayar gida yana neman mai gyaran famfo. Na ce ba ya nan. Ya ce yaushe zai dawo. Na kashe.

Asabar, 26 ga Oktoba

Inna ta sake jan ni. Wannan karon sai da na tallafe ta, ta rame ƙwarai. An gama girbi, gonaki duk sun zama kara, rana ta buɗe tun da wuri.

Fasto bai karanta komai a hanya ba sai da muka kai sama. Labarin Musa ne, yadda ya hau dutse ya hango ƙasar da ba zai shiga ba, ya mutu can, Allah da kansa ya binne shi, har yau ba mai sanin kabarinsa. Na san don mu ya zaɓa.

Inna ta ce a hankali, "To, ashe ba ɗana kaɗai ba." Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, bayan nan ta sha ruwa, fuskarta ta saki.

Ni raina ne ya ɓaci. Musa ya tsufa ya ƙoshi da kwana. Barnabas ko furfura ɗaya ba shi da ita. Na faɗa wa Fasto haka muna saukowa. Ina jiran wa'azi, sai ya ce, "Gaskiyarki, Liyatu. Ni ma na faɗa masa haka." Ya nuna sama da haɓa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Inna kwance, ƙafafu sun kumbura. A gidan likita an ce ta daina hawan dutse. Yanzu ba mai yaye mini mayafi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ji wucewarsu. Na bi bayansu nesa-nesa, don gidan ya yi mini shiru da yawa, ba don wani abu ba.

Akwai wata baƙuwa, malamar lakol, makarantar boko, da aka kawo daga garin Gazawa, ba ta san kowa ba. Haki ya kama ta a wurin marmarar nan, na tsaya na jira ta. Muna zaune ta tambaye ni ko maigidana ma yana cikin masu hawa. Na ce, "Ya rasu. Shi ya fara wannan tafiyar." Haka ya fito, ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau. Ta riƙe hannuna, muka tashi muka ƙarasa.

A sama ban yi addu'a ba. Da suka ce amin, ina jin na motsa baki. Ban tabbata ba.

Igiyar takalmina ta tsinke a saukowa. Na biya kasuwa na bar wa mai gyara. Ya ce yaushe nake so. Na ce kafin Asabar.